Ranar Da Na Kwarara Sunan Surukina A Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar saukar Alƙur'anin ɗana na fari ba, kuma ko na so mantawa, akwai matan unguwarmu da za su tuna mini.

Ni tashin bariki ce. Mahaifina soja ne, a kudu aka haife ni, inda uwa kan tsaya a bakin famfo ta ƙwala wa ɗanta kira da cikakken sunansa ba wanda zai waiwaya. Aure ne ya kawo ni Daura, nake aikin jinya a nan. Ban daɗe ba na gane akwai wata aba da ake kira kara, kuma ba a sako mini ita cikin kayan ɗaki ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ana yabonsa sai ta kawar da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ga shi kuma yaron nawa an sa masa sunan marigayi surukina, Malam Sulaimanu. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Kowa Abba yake ce masa, ni kuwa ko Abban bai kamata a ji a bakina ba, sai dai “yaron nan”.

Na koya, wallahi na koya. (A ɗakina dai, in na turo ƙofa, abin da ke tsakanina da ɗana ba ruwan kowa.) Amma Gwaggo Talatu, ƙanwar marigayin, ba ta taɓa yarda na koya ba. Ita ta kawo shawarar cewa da zarar yaro ya yi sauka a mayar da shi babban gida, wurin Hajiya surukata, ya sami tarbiyya, tunda uwarsa ba ta san kara ba za ta sangarta shi. Na kai kuka wurin maigida, ya ce, “Abin da Hajiya ta yanke shi ke nan.” Hajiya kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Mace ce da za ki wuni da ita ki ƙirga maganarta da yatsun hannu.

Don haka ranar sauka na shirya tsaf, don na san ni ma jarrabawa zan zauna. Na zumbula hijabi mai duhu, na nemi kujerar can baya, na ɗaure fuska kamar wadda aka tilasta wa zuwa. Hajiya na sahun gaba da tsofaffin danginta da suka zo daga Dutsi, Gwaggo Talatu na gefenta tana waiwayena lokaci lokaci. Na ce a raina, yau sai kin gaji da waige.

Aka kira yaron nan. Ya fito cikin farar shadda, hular ta ɗan yi masa yawa, aka miƙa masa abin magana. Ya fara karatu lafiya lau, ya kai tsakiya, sai ya kakare. Na hango leɓensa na ƙasa yana rawa, na kuma san wannan rawar, daga ita sai kuka. Ayar da ya tsaya a kai na sha jin yana maimaita ta ina wanke-wanke, har ni na haddace. Ya ɗago kai, bai dubi malaminsa ba, bai dubi babansa ba, ya bi sahun mata da ido har ya gano ni a can baya. Ban yi komai ba, na rantse, kai kawai na gyaɗa. Ya kamo ayar, ya zarce har ƙarshe da murya tas. Malamin ya ce, “Masha Allah, bana ba mu ji karatu irin wannan ba.”

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni, don ni ban san na yi ba. An ce kujerata ta kife. An ce na tsallake tabarmar mata, na yi fatali da jarkar zoɓon wata baiwar Allah, na ratsa ta ɓangaren maza da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da na sani, na farga ne na gan ni durƙushe a gaban malamai, na ƙanƙame ɗana ina cewa, “Sulaimanu! Sulaimanuna, ɗan albarka, ni na haife ka!”

Abin maganar yana hannunsa, a kunne. Lasifikar kuma an ɗaure ta a kan darbejiya tana kallon titi. (Wata abokiyar aikina ta ce tana kan acaɓa ta ji, ta kuma gane muryata.)

Sai yaron ya ce a hankali, “Umma, ki sake ni, ana ji.” Wannan ma lasifika ta ɗauka.

Na miƙe na juyo. Maigida ya cire hularsa yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki. Hanyar komawa kujerata ta gaban su Hajiya ta bi, ba wata. Ina ɗingishi da takalmi ɗaya, kunya kamar in nutse, amma abin da ya fi kunyar ci na shi ne na san na gama miƙa ɗana da hannuna.

Gwaggo Talatu ba ta ko rage murya ba. “To, Hajiya, kin dai gani da idonki.”

Hajiya ta gyara mayafinta. “Na gani,” ta ce. “Ni na aike ta. Gwiwar nan ba ta barina tashi, na ce ta je ta rungume mini shi.”

Kowa a wurin ya san tun safe ko kusa da juna ba mu zauna ba. Amma wa zai ce wa Hajiya ba haka aka yi ba? Wata tsohuwa ta ce, “Allah sarki, ashe aike ne,” aka miƙo mini takalmina, aka ci gaba da taro.

Bayan la'asar na sami Hajiya a ɗakinta tana tsinke zogale. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, “Hajiya, ki yafe mini. Na kunyata ku, na kuma sa kin faɗi abin da ba a yi ba.”

“Wa ya ce ba a yi ba? Baki ne kawai bai faɗa ba.” Ta ci gaba da tsinkarta ba ta dube ni ba. “Ranar da wancan ya yi sauka,” (wancan shi ne maigidana, ɗanta na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba) “ina bayan danga ina leƙe. Da aka shafa fatiha na koma kan surfena, hawaye na zuba, ina ce wa mutane ƙaiƙayi ne ya faɗa mini ido. Ba na ce kara ba ta da kyau ba, 'yar nan, da ita muka zauna lafiya a gidan nan. Amma na ga inda yaron ya duba da ya kakare. Ba za a raba shi da wurin ba. Ya zauna a ɗakinki.”

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini tiren zogalen in taya ta.

“Sai dai fa,” ta ce, “sunan Malam da kika kwarara wa gari, wannan ban aike ki ba. Ni na tsufa a gidansa ban taɓa faɗa ba.”

Na sunkuyar da kai, sai na ga kafaɗarta na motsi. Dariya take.

Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ta rufa mini asiri a ranar da na tona wa kaina. Tun daga nan, duk taron da yaron nan zai fito gaban jama'a, kujerata tana kusa da tata, kuma da an kira shi sai in ji ta damƙe gefen hijabina. Ni kuwa abin da na koya bai da yawa: in kin san ba ki gama koyon kara ba, ki roƙi Allah ya ba ki surukar da za ta ce ita ta aike ki, sannan kafin ki buɗe baki ki duba ko lasifika a kashe take.