Yadda Za Ka Sayi Sabar Mutum Hamsin Saboda Abokai Biyu

Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawarin za ka mallaki sabar wasa a gidanka, wato kwamfutar da ba ta barci, wadda abokanka za su riƙa shiga daga ko'ina kuna wasa tare kowace Asabar, kamar yadda kuke yi a unguwar Surulere kafin biza ta kwashe su. Misalan duk na wani mutum ne, Gbolahan. Ba ni ba ne. Unguwarmu ce ɗaya, kuma an yi dace sunan matarsa Yewande, irin na tawa.

Mataki na 1: Ƙirga abokanka, sannan ka yi ƙari

Abokan wasan Gbolahan biyu ne, Lekan a Kanada da Dotun a Ingila. Zumuncinsu ya ƙanƙance har ya koma "barka da shan iska" a waya sau ɗaya a wata, shi kuwa tsoro yake kada wata rana ko wannan ya ɗauke. Idan kai ma haka kake, nemi injin da zai ɗauki mutum hamsin. Masana sun tabbatar cewa abokai suna jin ƙanshin babban inji daga nesa.

Mataki na 2: Je kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ƙirji a buɗe

Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gadonka za ta iya aikin nan tsaf. Manta da ita, ba ta da kwarjini. Nemi mai shagon da zai ce maka, "Oga, wannan daga banki aka ciro ta a Turai. Tokumbo ce, ta hannu, amma ba ta san wahala ba."

Gwada ɗaga ta. Idan bayanka bai amsa ba, ba ta kirki ba ce. Sai ka tambayi girman ƙwaƙwalwarta, ko nawa ya faɗa ka girgiza kai ka ce a ƙara. Gbolahan har yau bai san abin da aka ƙara masa ba, amma mai shagon ya kira shi injiniya sau biyu.

Mataki na 3: Gabatar da ita ga mutanen gida

Kunna ta a falo, fankokinta su tashi gaba ɗaya. Yewande ta fito daga kicin hannu a kunne ta ce, "Baba Tobi, injin markaɗe ka sayo mana? To kawo, ina da tattasai."

Kada ka tanka, ilimi ba na kowa ba ne. Za a kore ku kai da sabar zuwa lungun taga, ɗaki mafi kusa da titi. Zafin da take fitarwa ma ba asara ba ne, a kanta ake shanya safar ɗansu Tobi.

Mataki na 4: Wuta

Za a ɗauke, kai ma ka sani. Batirin gidan kuma abu ɗaya yake iya riƙewa, ko firiza ko saba. Kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai. Gbolahan ya gwada, kifin Yewande ya ba da shaida washegari. Tun daga ranar janareto yake tayarwa, a bayan tagar nan dai.

Mataki na 5: Ɓoye hayaniyar gidanku

Asabar ɗin farko da yamma Lekan da Dotun suka shigo wasan. Kafin a yi gaisuwa Dotun ya fashe da dariya.

"Kai ɗan iska, a tashar Oshodi ka dasa sabar? Ba na jin komai sai ƙugi!"

Kunya ta kama Gbolahan. Mutane suna can cikin gidaje masu tsit, shi yana aika musu ƙarar janareto da hon ɗin motocin haya na danfo. Yi abin da ya yi: koma kasuwa ka sayo makirfo mai haɗiye kowace ƙara sai muryarka, ka rufe taga, ka sha zufa.

Daga nan komai ya yi tsaf, sai dai mutane. Dotun aka sauya masa ranar aiki, ya daina zuwa. Lekan zai shigo, ya ɗan zagaya, ya ce yana da uzuri. Ran Gbolahan ya ɓaci ƙwarai, ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa ƙwaƙwalwar injin ce ta yi kaɗan. Ya ƙara.

Mataki na 6: Bari wani abu ya lalace

Wata Asabar aka kawo wuta da ƙarfi, makirfon mai tsada ya ƙone, aka sake ɗaukewa. Dole ya laluɓo tsohon abin kunne na waya. Lekan ya shigo, sai mutuminsa na cikin wasan ya tsaya cak, ba gaba ba baya.

"Lekan, ta maƙale ne? Bari in kashe in kunna."

"Kar ka taɓa komai," in ji Lekan. "Mai burodin Agege ce nake ji?"

"Ita ce. Yi haƙuri, makirfon ne ya..."

"Har yanzu tana jan muryar nan? Buɗe tagar, don Allah."

Ya buɗe. Janareto, danfo, mai burodi, ga Yewande daga ciki tana tambayar wanda ya bar mata ƙofar firiza a buɗe.

"Bari in ce ta yi shiru."

"Bar ta ta yi faɗanta, mutumina. A nan ko maƙwabcina ya mutu ba zan ji ba." Lekan ya ƙara sautin abin kunnensa. "Na ɗauka kai ma gidanka ya koma irin nawa."

Ranar ba su buga wasa ba, Lekan kuma bai ce yana da uzuri ba. Asabar ta gaba sai ga Dotun daga wurin aiki, a ɓoye, yana tambaya ko an buɗe taga.

Gargaɗi

Marubucin ba shi da alhakin ciwon baya, ruɓewar kifi, ko abin da matarka za ta kira ka a gaban maƙwabta. Idan ka gano cewa kiran waya da buɗaɗɗiyar taga sun isa, wannan tsakaninka ne da mai shago. Ana kuma neman mai sayen saba, ta mutum hamsin, mutum uku kawai ta taɓa ɗauka. Janareton ba na sayarwa ba ne, Lekan ya hana ni. Ya hana Gbolahan, nake nufi.