Baffa Nomau da Man Fijo

A gidanmu na Rafin Kanya, sa'ad da nake yarinya, akwai Baba, akwai Inna, akwai mu yara, sai ƙanin Baba da muke kira Baffa Nomau. Ta ƙarshe ita ce mota, wata tsohuwar Fijo akori-kura mai ruwan ƙasa, wadda Baba ke kai mutane da buhunansu kasuwannin ƙauye da ita. Da ita muke ci. An rubuta "Na Gode Allah" a bayanta, a jikin wannan rubutun ma na fara haɗa baƙaƙen boko.

Baffa Nomau babba ne har da gemunsa. Ba ya fashin salla, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, shi ya sa duk abin da aka faɗa masa yake ɗauka haka yake, ba ragi ba ƙari. Duk duniya ba abin da yake so kamar motar nan. Shi ke wanke ta, shi ke sayo mata mai. Baba kuwa ya sha cewa in shirmensa ya yi yawa zai tura shi rugar Gwaggo kiwon awaki, inda ko ƙarar mota ba a ji.

Wata rana inji ya fara ƙwanƙwasa, Baba ya kira Sallau makanike. A zamanin nan mai iri biyu ne a gidan mai, akwai na kowa da kowa, akwai sufa mai ɗan tsada. Sallau ya kasa kunne, ya ce, "Barau, motarka ta tsufa. Sufa za ta riƙa sha, kuma a lallaɓa ta kamar yadda ake lallaɓa tsohuwa. In ta sha gurɓataccen mai inji zai buga, kuma ba ni ba, ko wanda ya ƙera ta ba zai tashe ta ba." Baffa na gefe yana ji. Washegari 'yan kasuwa sun cika bayan mota, Baba ya fito ya tarar da shi riƙe da ludayi. Sai ya zuba ludayi ɗaya a tanki, ya tsaya, ya shafa gefen motar.

Baba ya ce, "Me kake jira?"

"Ta haɗiye, Yaya. Haka muke ba tsohuwarmu Iya kunu, kada ta ƙware."

Wata mai daddawa ta leƙo daga baya ta ce, "To ka goya ta mana, Nomau, mu ma mu isa."

Sai da rana ta take suka tashi.

Wata rana Baba ya ga ƙasa a gindin galan, ya ce ko sufa ne a riƙa tace shi, kuma da ƙyalle mafi tsabta. Baffa ya zagaye gida, ya duba rawanin Baba, ya duba zannuwan da ke kan igiya, ya tsaya a kan farin ƙyallen da Inna ke tace koko da shi. Ya gama aikinsa ya mayar da shi inda ya ɗauka, har da ninkewa. Inna tana fama da mura, hancinta a toshe. Da safe ƙanena ya kurɓi koko ya ce, "Inna, yau kokonki ƙamshin tasha yake."

Inna ta ɗaga murya, "Maigida ƙarami, aikinka ne ko?"

Ya ce, "Yaya ya ce mafi tsabta. Ni kuwa duk gidan nan ban ga mai tsabtarki ba."

Inna ta rasa faɗa za ta yi ko godiya. Kokon dai bayan gida aka kai shi, ranar da ɗumamen tuwo muka karya.

Wata rana Baba ya zaunar da Baffa ya koya masa gwajin mai. Ya ɗiga kaɗan a tafin hannunsa, ya hura, hannun ya bushe ƙayau. Ya ce, "Ka gani? Mai na kirki in ka zuba nan da nan yake ɓacewa. Wanda aka haɗa da kananzir maiƙo yake bari. Kada ka kawo min man da ba ka gwada ba." Baffa ya tafi da galan, ya daɗe, ya dawo yana fara'a, galan na lilo a hannunsa ba nauyi.

"Yaya, yau mun dace. A kan falalen dutsen bakin rafi na gwada shi, tun daga sama har ƙasa. Duk ya ɓace."

Baba ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Nomau, saura ɗaya. Ka ƙara ɗaya, sai ruga."

Wata rana aka shiga wahalar mai, gidajen mai duk a rufe. Sai labari ya zo cewa wani ɗan bumburutu, irin masu sayar da mai a bakin hanya, ya sauke duro a mararraba. Direbobin yankinmu kowa ya ruga. Baba yana ƙarƙashin mota yana ɗaurin salansa, gobe kuma babbar kasuwa, sai ya miƙa wa Baffa jarka ya ce, "Yi sauri. Amma kada ka karɓo man da mai shi ba zai zuba a nasa abin hawan ba." Mai kyau yake nufi, haka direbobi ke faɗa.

Baffa ya bi layi har aka zo kansa. Ya nuna wani babur da ke jingine da bishiya ya ce, "Malam, wancan naka ne? Zuba masa in gani."

Mutumin ya ce, "Tankinsa a cike yake."

"To zan jira ya ragu."

Aka yi dariya, aka ture shi gefe. Ya zauna kan jarka. Duk bayan jimawa sai ya ce, "Malam, ya ragu?" Mutumin ya zage shi, ya yi masa ragi, har ya ce ya ɗauki kwalba ɗaya kyauta ya tafi. Baffa ya ce ba haka Yaya ya ce ba. Yana zaune duro ya ƙare, ya dawo gida hannu biyu.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ya haɗa kayansa. Ina gani Baffa ya ƙulle rigunansa a zane, ya ɗebo ruwa ya wanke motar har ƙafafunta. Inna ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi sai ga Sallau a kan keke, duk jikinsa baƙin mai. Ya ce daga mararraba zuwa kasuwa motoci ne a mace a gefen hanya, man jiya rabinsa kananzir ne da ruwa, wasu ma injinsu ya buga. Abin hawa ɗaya ne ya tashi lafiya, babur ɗin mai duron, kuma da shi ya bar garin. Ya dubi Fijo ya ce, "Barau, ka zuba?"

Baba ya girgiza kai. Ya daɗe zaune a kan dakali yana jan carbi. Can ya ce, "Nomau, kwance ƙunshin nan."

Baffa ya kwance, ya ɗauki jarka ya nufi ƙofa.

"Ina kuma za ka?"

"Mararraba, Yaya. Tunda ya yi tafiya, yanzu kam tankinsa ya ragu."

Allah ya jiƙansu, shi da Baba.