Nomau da 'Yan Hutun Kaka

A cikin 'ya'yan da Allah Ya ba ni akwai Nomau. Gemu ya fito masa, ƙarfi kamar ingarma, amma magana yadda ka ajiye masa ita haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari suna ce masa wawa. Ni dai da na haife shi ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kuma ladan bai taɓa riga shi isa masallaci ba.

Ba abin da Nomau yake so kamar kaka ta yi, ƙanwarsa Tasalla ta kawo 'ya'yanta hutu daga birni, Ƙasimu da Ummita. Shi ne mai fita da su yawo. Tun dawa ba ta nuna ba yake shelanta wa gari cewa baƙinsa na tafe.

Wata rana za su tafi roron gyaɗa, Tasalla ta yi wa yaran wanka, ta shafe su da mai, ta ce, "Yaya, yadda na ba ka su fes, haka za ka dawo min da su." Nomau ya ce to. Ya ɗauki bokiti da soso da sabulu. A gona, da zarar yaro ya tona ƙasa, sai ya sungume shi ya yi rijiya da shi. Da la'asar suka shigo fari fat, haƙora na kaɗawa, ko ƙwayar gyaɗa babu.

"Ina sabuluna?" in ji Tasalla.

"Yana jikinsu," in ji Nomau.

Wata rana kuma na ce su zaga dangi. Na ja masa kunne: "Kada ka tsallake gidan kowa, kuma abin da aka ba yara su ci, kada a ce 'yan birni sun raina mu." To, kaka ce, kowane gida akwai abin taɓawa. Nan dafaffiyar gyaɗa, can dankali, gaba fura, gaba kuma rake. Nomau yana tsaye a kansu sai kwano ya koma wayam. Har gidan mai unguwa suka shiga, wanda ba mu haɗa ko kakan kaka ba. A wuya ya ɗauko Ummita, ciki kamar ganga.

"Kawu ya ce saura unguwar maƙera," in ji Ƙasimu, ya fashe da kuka.

Ran nan Tasalla ta kai bango. Ta ce, "Inna, wallahi in aka ƙara ɗaya, Yaya ya gama fita da 'ya'yana. Hutu ma a birni za su riƙa yi." Nomau ya ji. Daren nan tuwonsa ya kwana a kwano. Ni kuwa na kai kukana inda nake kaiwa, a kan sallaya.

Wata rana mahauta suka sa hawan ƙaho a filin bayan kasuwa. Sa ake ɗaurewa da igiya gaba da baya, a yi ta kiɗa, saurayi ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume. Duk gidan muka fita. Tasalla ta tsaya gaisawa da ƙawayenta, ta ce, "Yaya, yi gaba da su, ka sama musu inda za su ga komai."

Da muka iso, ta kutsa sahun gaba inda yara suke zazzaune a ƙasa. Babu su. Ta duba gabas, ta duba yamma. Sai wata mai ƙosai ta nuna mata dutsen da ke can bayan filin. Ga Nomau a ƙoli, yaro a kowane gefe, ƙanana kamar tsuntsaye.

"Shi ke nan!" in ji Tasalla. "Daga can me za su gani? Inna, ke ce shaida, yau ya gama!"

Ba ta rufe baki ba igiyar baya ta tsinke. San ya fizge igiyar gaba, ya yo kan sahun nan. Wuri ya yamutse, makaɗi ya yar da kalangu, kaskon ƙosai ya kife, iyaye na ihu suna tsintar 'ya'yansu a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma yara da dama sai da aka kai su wurin mai ɗori.

Tasalla ba ta tsaya ba sai kan dutsen, ba takalmi, ba ɗankwali. Ni na biyo a hankali ina salati. Na tarar ta ƙanƙame yaran tana shafa su, ko ƙwarzane babu. Can ta ɗago, ido jawur, ta ce, "Yaya, gobe ina za ka kai su?"

Nomau ya ce, "Inda kika ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Yau dai sun ga komai, Tasalla. Har gudunki sun gani."