Ƙato Bayan Ƙato, Ni Kuma Bayan Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka dafa kafaɗata aka ce "talatin da takwas" ba. An fi shekara talatin yanzu, amma har gobe in na ji ana ƙirga mutane da ƙarfi, ko da 'yan makaranta ne a fili, sai gumi ya tsattsafo mini a ƙeya.

Yanzu ina ganin 'ya'yana sun duƙufa a kan waya suna cacar baki da mutanen da ba su taɓa gani ba a kan siyasa, suna zaton su suka ƙirƙiro abin. Mu a Kontagora, a farkon shekarun casa'in, teburin Ɗanjuma mai shayi ne wayarmu. Daga an sallame sallar asuba sai a cika benci, a buɗe rediyo, a fara. Bambancin kawai shi ne, mu wanda ka zaga yana zaune kusa da kai, wataƙila ma shi zai miƙo maka gwangwanin sukari.

Lokacin ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da aji huɗu a firamaren unguwarmu. Kuma, bari na faɗa tun yanzu, ni ɗan littattafan soyayya ne. Irin ƙananan nan da ake shimfiɗawa a kan tabarma a bakin kasuwa, kwali biyu nake da su a ƙarƙashin gado. Na karanta su har maganata ta koma irin tasu. Mutum zai ce taki ya yi tsada, ni kuma sai na dafe ƙirji na ce, "Ya ku 'yan uwana, zuciyar ƙasar nan tana zubar da hawayen jini." (Allah ya saka wa waɗanda suka jure ni da alheri.)

Babban abokin gardamata a teburin nan shi ne Baba Ishaya. Bakambare ne, tsohon soja, yana gyaran keke a bakin tasha, ranar Lahadi kuma in an tashi coci sai ya hau kekensa ya leƙa danginsa. Hausarsa tana da ɗan karin harshen gida, amma in ya yanke ka da ita sai ka wuni kana jinya. Babu abin da ba mu yi musu a kai ba: mulkin soja ko na farar hula, tuwon dawa ko na masara, har da ko madara ake fara zubawa ko ruwan shayi. In na gama dogon jawabina sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ticha, a wane shafi ka karanto wannan?"

Sai aka buga gangar zaɓen kansiloli, Kawuna Sule ya fito takara. Kawu Sule ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni ina da shekara bakwai bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta har na gama kwalejin malamai, kuma a ɗakin da ke jikin zauren gidansa nake kwana. Abokin karawarsa shi ne Alhaji Garba mai injin niƙa, Baba Ishaya kuwa ɗan gani-kashe-ninsa ne. Kun ga gardama ta samu sabon itace.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, zaɓen lokacin babu dangwala yatsa a ɓoye. Ƙato bayan ƙato ake kiransa. Za a kafa hoton kowane ɗan takara a jikin sanda, kowa ya je ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, maza layinsu, mata layinsu a gefe, da rana tsaka, kowa yana ganin kowa. Da an busa usur babu mai sauya layi. Malamin zaɓe zai bi yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi.

Ana gobe zaɓe na hau kan bencin Ɗanjuma (ya roƙe ni na sauka, ƙafar bencin tana rawa) na ce, "Duk wanda ya tsaya a bayan hoton Alhaji Garba gobe, ya sayar da mutuncinsa da buhun taki! Maci amana ne, kuma tarihi zai tofa masa yawu!"

Baba Ishaya ya ce, "To, Ticha. Mu maciya amana za mu zo da wuri mu kama layi."

Yanzu dole na kawo maganar Rakiya. Gidansu yana kan hanyata ta zuwa makaranta. Wata bakwai ina wucewa ina rage tafiya a ƙofar gidan, ban taɓa ce mata ko sannu ba. Amma na rubuta mata wasiƙa goma sha ɗaya, duk suna cikin kwali tare da littattafan. A zuciyata har mun yi aure, mun yi faɗa sau biyu mun shirya, mun raɗa wa 'yar farinmu suna.

Ranar zaɓe, a filin makarantarmu aka kafa hotunan, na Kawu a gindin dalbejiya, na Alhaji Garba a wajen rijiya. Tun safe nake kai-kawo, ina riƙo tsofaffi, ina jera mutanenmu, ina harara duk wanda ya nufi wajen rijiya. Wajen sha biyu, ina dawowa daga rako wata tsohuwa, sai na ga katin zaɓe ya faɗi daga hannun wata mai lulluɓi ruwan hoda. Na tsugunna na ɗauka, na miƙa, ta juyo.

Rakiya ce.

Ta ce, "Na gode, Malam."

Kalma uku. A littattafan da na karanta, daidai nan ne duniya take tsayawa, tsuntsaye su yi shiru, iska ta kaɗa gefen mayafi. Wallahi duk sai da suka faru, ko kuma ni na ga sun faru. Ta koma layin mata kusa da mahaifiyarta, ni kuma na tsaya cak a inda nake, taku uku daga gare ta, na fara tsara wasiƙa ta goma sha biyu a kaina. Na ji kamar mutane suna taruwa a bayana. Na ji kamar wani yana jan rigata. Na ji usur can nesa kamar a mafarki. Ina kan neman kalmar da za ta dace da girarta ne aka dafa kafaɗata.

"Talatin da takwas!"

Na ɗaga kai. A can gaban layin, Alhaji Garba ne yake mini murmushi daga jikin sanda, da hularsa ƙube da haƙorin makka. Na waiga wajen dalbejiya. Layin Kawu gaba ɗaya, maza da mata, ni suke kallo. Shi kansa Kawu yana tsaye a gefe da carbi a hannu, ya daina ja.

Na yi wuf zan fita, ɗan sanda ya tare ni da kulki. "Ina za ka? An ƙirga ka, malam. Koma."

Da aka haɗa lissafi, Alhaji Garba ya ci rumfar zaɓenmu da mutum ɗaya tak. Ni malamin lissafi ne, ba sai an yi mini bayani ba: da na tsaya inda ya kamata, Kawu ne zai ci da mutum ɗaya. A sauran rumfuna ma an kayar da shi, kuma da rata, amma wannan ita ce ta ƙofar gidansa. Ita ce mai ciwo.

Bayan la'asar zauren Kawu ya cika da 'yan jaje, aka kira ni. Wani ya ce an gan ni da buhun taki. Wani ya ce ba taki ba ne, alkawarin kujerar hedimasta aka yi mini. Wani dattijo ya maimaita jawabina na kan benci kalma da kalma, har da yawun tarihi. Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Me na yi maka?"

Ta yaya zan dubi dattawa goma sha biyar na ce girar 'yar mutane nake wa waƙa? Ga kuma sunan yarinya da zai shiga bakin duniya ba ta ji ba ta gani ba. Ban da haka (wannan ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu), wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin abin, domin jarumin littafi ai haka yake shan wuya a kan masoyiyarsa, bakinsa a rufe. Na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun kuwa kowa ya ɗauke shi amsa laifi.

Kawu ya ce, "Shi ke nan. Ka nemi ɗaki kafin Juma'a."

Kwana uku ban je teburin shayi ba. In na gaishe da Kawu sai ya amsa kamar yana amsa wa baƙon da ya zo tambayar hanya. A nan jarumtar ta ƙare. Babu littafin da ya gaya mini yadda mutum yake ji in wanda ya koya masa alwala ya daina kallon fuskarsa.

Ranar Alhamis da hantsi ina ɗaure kwalayena, zauren kuma da sauran 'yan jaje, sai na ji ƙararrawar keke da sallama. Baba Ishaya ne. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya gaisa da kowa, 'yan zauren suna kallonsa a kaikaice, tunda daga ɓangaren masu nasara ya fito.

Ya ce, "Malam Sule, ba dariya na zo yi maka ba. Na ji an ce za ka kori yaron nan. A kira shi."

Aka kira ni, na rakuɓe a bakin ƙofa.

Baba Ishaya ya ce, "Ni ne talatin da tara. A bayansa na tsaya. Yaron nan ko cokalin taki ba a ba shi ba. Wa ma zai ba shi? Mu da muke addu'a ya yi mura ya rasa murya? Wata yarinya ce katinta ya faɗi, ya ɗauka ya ba ta, ta yi masa godiya. Shi ke nan, Ticha ya mutu a tsaye. Baki buɗe, ido a layin mata, leɓe yana motsi kamar mai lazimi. Na ja rigarsa na ce, 'Ticha, layinku yana can.' Ya kaɗe hannuna kamar ƙuda. Na sake ja, ya ce mini, 'Kamar jinjirin wata.' Na ce wane wata da rana tsaka?"

Wani ya fara tari don ya danne dariya. Kawu ya ce, "To, me ya hana ka ja shi karo na uku?"

Baba Ishaya ya ce, "Malam Sule, ni ma fa ina da ɗan takara."

Zauren ya fashe. Dattijon da ya haddace jawabina har da faɗuwa a jikin bango. Aka yi ta tambayar wace yarinya ce, Baba Ishaya ya ce shi tsoho ne, idonsa ba ya gane 'yan mata. (Ya sani sarai. Kekunan gidan su Rakiya duk shi yake gyarawa.) Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Kawu ya dube ni, karo na farko cikin kwana uku. "Haka ne?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya daɗe yana kallona, sannan kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani. Ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe sakarai na raina, ba maci amana ba. Sakarci ai ana warkewa. Je ka kwance kayanka."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Na bi Baba Ishaya waje yana shirin hawa keke, na durƙusa har ƙasa, na fara, "Baba, da za a mayar da tekun duniya tawada..."

Ya ce, "Kai, tashi, kada ka fara. Zaɓe mun ci, amma ba zan ci da ƙarya a kan yaro ba. Kuma kwana uku ina shan shayi babu mai ba ni haushi, ko daɗinsa ba na ji. Gobe ka zo da wuri, an ƙara kuɗin mai, na san kana da shirmen da za ka faɗa."

Maganar Rakiya kuwa, Kawu da kansa ya matsa na gaya masa, ya aika a bincika a asirce. Aka dawo da labarin an riga an ba da ita ga wani ma'aikacin gona a Bangi, kuma da son ranta. Da wata gwaggona ta ɗan taɓa mata zancen katin, cewa ta yi ta tuna ya faɗi, amma ba ta lura da wanda ya ɗauko ba. Na yi jinyar sati biyu, na warke.

Na ci gaba da gardama da Baba Ishaya shekara goma sha, har Allah ya ɗauki ransa, ban taɓa yarda da shi a kan komai ba, shi ma haka. Amma ranar da mutanen layina, waɗanda muke baki ɗaya da su, suka yanke mini hukunci cikin minti biyar, mutumin da na kira maci amana a kan benci shi ya tako keke ya zo ya faɗi gaskiya. Shi kaɗai ya saurare ni sosai har ya san iyakar wautata.

Tun daga nan ban sake kiran kowa maci amana don na gan shi a wani layi ba. Na kan ce wa kaina, a bari tukuna a ji, wataƙila shi ma wani sakarcin ne ya kai shi. Kuma duk layin da zan shiga, ko na karɓar magani ne a asibiti, sai na fara ɗaga kai na ga abin da ke gaba, sannan na dubi abin da ke gefe.