Malam Tsaya-Ka-Gani da Wasan Allurar Shanu

Duk ƙasar Zamfara ba a taɓa yin gwanin koyar da wasan kwaikwayo kamar Malam Jatau na Bungudu ba. Ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ya maimaita. Ya taɓa leƙa wani wasa ta taga a Zariya, tun daga ranar ko tafiyarsa ta canja.

Da aka ce za a yi wa Hakimin Tsafe wasa a kan allurar shanu, in ya ƙayatar a ɗora mai koyarwar bisa wasannin Gusau, sai Malam ya ɗebo mutum uku. Labbo zai fito a makiyayi, Mu'azu mai allura, Bashiru kuwa sa.

Dabararsa ta gwaji ba ta da ta biyu. Labbo zai buɗe baki ya ce, "Assala…" sai tsawa: "Tsaya ka gani! Wagga ce sallamar makiyayi? Zamna in gwada maka." Bashiru, da aikinsa kuka ɗaya ne tak, bai taɓa kai ƙarshensa ba. "Kukan sa ilimi ne, ba da ka ake yin shi ba," in ji Malam. Sai ya durƙusa hannu da gwiwa, ya saki kukan da shanun unguwa ke amsawa. 'Yan wasa kuwa suka ƙware ƙwarai: zaman tabarma, ɓarar gyaɗa, da "Madalla, Malam."

Ranar wasa ƙofar Hakimi ta cika. Labbo ya fito da sandarsa, ya ce, "Assala…" ya tsaya yana jiran tsawa. Shiru. Abin da ke gaba kuwa bai taɓa faɗarsa ba. Ya koma tabarma, sauran biyun suka bi shi.

Malam ya tuɓe babbar riga. Ya yi sallama, ya ruga can ya amsa. Ya faɗi ƙasa ya zama sa, ya tashi ya kama kansa, ya soka wa kansa allura, ya yi harbi da ƙafa har takalminsa ya tashi sama.

Hakimi ya yi dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi, ya ce wa wakilinsa, "Wanda ya koyar da waɗancan ukun, ko akuya kada a ba shi ya koya mata. Amma wanda ya fito a sa ɗin nan, a kai shi Gusau."