Na Ce wa Tsohuwar Tsibiri Na Ƙoshi

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Sabi'u a unguwar Miskine ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba.

Ni atamfa nake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar. Tsakanin azahar da la'asar, idan ciniki ya kwanta, wasan waya nake yi. Akwai wani na jarumi mai takobi, da aljanu da dodanni, wanda mu kusan ashirin muke bugawa, har da gurup ɗinmu. Ni na fara gama shi, shi ya sa suka laƙaba min Alƙali. In na ce abu ya yi, a sauke. In na ce bai yi ba, babu mai ɓata datarsa. (Ina nuna kamar sunan bai dame ni ba. Ƙarya ne, ina son abina.)

Sai masu wasan suka fitar da ƙarin babi. Kwana biyu na yi ina sauke shi, in wuta ta zo rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi, in rezo ya dawo an ɗauke wuta. Da ya buɗe, gaskiya ya yi kyau. Kogi ne mai faɗi kamar koginmu Ubangi da damina, kiɗan ma da daɗi. Tuƙin kwalekwalen ne dai kamar tura baro a taɓo. Na yi ta kashe kadoji iri ɗaya har na isa wani tsibiri, inda na tarar da wata tsohuwa a gaban tukunya. Ta ce, "Baƙo, zauna ka sha miya." Zaɓi biyu suka fito: ko in karɓa, ko in ce na ƙoshi.

To, ni ɗan gidanmu ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha ja min kunne cewa ba a miƙa hannu a tayin farko, sai an yi na biyu, an yi na uku, an haɗa ka da Allah. Ban ma yi tunani ba yatsana ya danna "na ƙoshi". Na gyara zama ina jiran ta nace. Tsohuwa ta ce, "To, sauka lafiya." Kwalekwale ya maido ni gida, sunayen waɗanda suka ƙera wasan suka hau gilashi. Minti ashirin da biyar ke nan.

Nan take na tura wa gurup saƙon murya mai tsawo. Zane ya yi, kiɗa ya yi, amma tsibiri ɗaya ne tal, ciki babu komai, kada kowa ya wahalar da kansa. Babu wanda ya sauke.

Ranar walima muna zaune a rumfa, ina maimaita hukuncin nawa da ƙarfi, sai ga Zainabu ƙanwar ango da tiren shinkafa da nama. Malamar makaranta ce, yaren Sango ya fi kama bakinta, kuma ba ta cikin gurup ɗinmu, don haka ba ta san an hana saukewa ba.

"Yaya Alƙali, ya ka ga birnin ƙarƙashin ruwa?"

Mai hankali zai ce wane birni. Ni kuwa na ce, "Eh to, ba laifi."

Sabi'u ya juyo. "Wane birni kuma? Ba ka ce mana tsibiri ɗaya ba ne?"

Zainabu ta ce, "Ai sai ka sha miyar tsohuwar kake iya numfashi a ruwa. Daga nan ma babin yake farawa." Ta ƙura min ido. "Yaya, ba dai ka ce mata ka ƙoshi ba?"

Sabi'u ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wani mugu ya nemo saƙon muryata ya kunna, aka saurara tun daga sallama. Wallahi na ji kunya, har gumi ya jiƙa min sabuwar shadda.

Da dariyar ta lafa, Zainabu ta durƙusa da tiren ta ce, "Bismillah, Yaya, a zuba maka?" Tun safe ban saka komai a cikina ba. Ina ji, ina gani, bakina ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

"To, sauka lafiya," in ji ta, ta wuce da tiren.

Washegari na koma tsibirin na sha miya. Awa huɗu ne babin. Birnin ya yi kyau ƙwarai, dodon ƙarshe bai da wuya, kwalekwalen kuma yana nan yadda na bar shi. Na tura sabon hukunci, babu wanda ya tanka, don sun riga sun saka Zainabu a gurup. Ni kuma yanzu Na Ƙoshi ake kirana, har masu dako a kasuwa.

Abin da na koya shi ne, kara sai a gaban wanda ya iya nacewa. Yanzu tayin farko nake karɓa, mahaifiyata ta yi haƙuri.