Man Shanu a Ƙotar Raket

Ina da shekara arba'in da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Sabon Birni. Bayan darasi Malama Hadiza kan koya muna wasan badmintin. Kwanaki masu daɗi ke nan, hanya lafiya lau, har matan ajin garin Isa sunka yi alkawarin zuwa gasa da mu.

Saura kwana ukku ɗana ya aiko mini sabon raket marar nauyi. Duk bugun da na kai, ƙarfen gefe ke tarar ƙwallon. Malama tac ce, "Inna, sannu-sannu hannu zai saba."

Nac ce, "Ni da na girma da fartanya za ki koya ma ƙota?" Na koma gida na shafe mariƙin da man shanu, yadda babanmu ka yi ma sabuwar ƙota.

Ranar gasa na ci ɗamara nac ce, "Ni za ni fara!" Na kai bugu. Ƙwallo ya faɗo gabana, raket kuwa ya tsallake raga da katanga, ya sauka cikin awakin maƙwabta. Kafin in zagaya sun tamne mariƙin tas.

Har yau in na shiga gidan biki, sai wata ta ɗaga murya: "Ku ɓoye man shanu, Inna za ta wasa!"